Agogo Ba Ya Tsayawa Sai Na Baya Ya Iso

Ƙannena maza da mata, akwai wata ƙaramar ƙasa a tsakiyar Turai da ake kira Slofakiya. Mutanenta ba su kai miliyan shida ba, kuma sai a 1993 ta rabu da Cek ta tsaya da ƙafarta. Arewacinta duwatsu ne, idan sanyi ya kama sai dusar ƙanƙara ta lulluɓe su fari fat. A wani gari nata mai suna Roznava aka haifi Henrieta Farkasova a watan Mayun 1986. Mace ce mai raunin gani, amma tsakanin 2010 da 2022 ta kwaso wa ƙasarta lambobin yabo 14 a gasar Olamfik ta masu nakasa ta lokacin hunturu, 11 daga ciki na zinare. Duk lokacin da aka rataya mata lamba a wuya, akwai wani mutum tsaye a gefenta da ake rataya wa irinta. Saboda wannan mutum na biyun na ɗauko muku labarin.

Wasan ba namu ba ne, kuma ba zan ruɗe ku cewa wata rana zai zama namu ba. Sunansa siki. Ɗan wasa yakan ɗaure dogayen alluna sirara biyu a ƙasan takalmansa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga kan dutse zuwa gindinsa. Ba yadda ya ga dama yake gangarowa ba: an kafa sanduna masu tuta, ja da shuɗi, a matsayin ƙofofi, dole ya bi ta kowace, wanda ya tsallake ko ɗaya an fitar da shi. Akwai silalom, inda ƙofofin ke kusa da juna, mutum ya yi ta karkata dama da hagu ba hutu. Akwai babban silalom da sufa-ji, inda tazara ke ƙaruwa, gudu ma ya ƙaru. Akwai haɗaka, wadda ake gwama tseren gudu da silalom a tara lokacin. Uwa-uba akwai gangara zalla, inda gudun kan kai kilomita 100 a awa, wani lokaci ya haura. Ku ɗauka gudun motar haya ne a titin Kano zuwa Zariya, sai dai babu ƙofa, babu kujera, babu birki, daga kai sai hular kwano.

To yanzu ku sa raunin ido a cikin lissafin. A shekarun da Henrieta ta yi tashe, an kasa masu matsalar gani aji uku. 'Yan B1 ba sa gani ko kusan haka, har ma doka ta tilasta musu sa tabarau da aka toshe baƙi ƙirin domin kowa ya zama daidai. 'Yan B2 da B3 suna da ɗan saura. Ita a B3 take, ajin da ya fi sauran gani, kuma ya kamata a faɗi haka don kada a ƙara wa labari gishiri. Amma ku san me ake nufi da "ya fi gani" a nan: abin da mai lafiyar ido ke tantancewa daga mita 60, mai ƙarfin gani a wannan aji sai ya matso mita 6 kafin ya gane shi. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cinye mita shida cikin ƙasa da rubu'in sakan. Kafin ido ya kai wa ƙwaƙwalwa labari an riga an wuce wurin. Ga shi kuma dusar ƙanƙara fara ce sama da ƙasa. Ranar da gajimare ya rufe rana, ko masu ido garau ba sa bambance tudu da kwari. Tunda ajin uku a tsere ɗaya suke karawa, sai aka tsara lissafin da ke rage wa mai ƙarancin gani wani kaso na lokacinsa, domin a gwada ƙwarewa, ba ido ba.

Nan jagora yake shigowa. Shi ma gwanin siki ne, yana sanye da riga mai launi mai haske don na baya ya iya hango alamarsa, kuma shi ke fara sauka. A cikin hular kwanon kowannensu akwai ɗan lasifika da makirfo, suna magana tun daga sama har ƙasa. Na gaba yana faɗin abin da ke tafe: ga kwana, gangaren zai yi tsanani, nan ƙasa ta daskare tana santsi, nan za a yi tsalle. Na baya kuma yana amsawa, yana ce masa ya ƙara wuta ko ya sassauta, yana sanar da shi duk lokacin da ya karya kwana domin na gaba ya auna nisan da ke tsakaninsu. Duk da haka jagora ba ya daina waiwaye. Ku tsaya ku yi tunanin wannan: mutum yana gangara dutse da irin wancan gudu, hanyar da zai bi tana gabansa, amma rabin hankalinsa yana bayansa. Kalma ɗaya idan ta makara da ƙiftawar ido, ko aka ce dama alhali hagu ake nufi, sai dai a kwashi mutum a ragar gefen hanya.

Dokokin wasan sun fi ba ni sha'awa fiye da lambobin. An hana jagora ya riƙe ɗan wasa ko ya ja shi a cikin tsere. Murya kawai zai bayar; ƙafafu da gwiwoyi da zuciyar da za su yi aikin na mai tseren ne. An kuma ƙayyade iyakar tazarar da za ta shiga tsakaninsu, ana ƙirga ta da yawan ƙofofi. Idan jagora ya ji daɗin ƙafarsa ya yi nisa ya wuce iyakar, su biyun duka an kore su, ko da babu wanda ya faɗi. Sannan lokacin da ake rubutawa ba na jagora ba ne. Ko ya riga kowa tsallake layin ƙarshe, agogo yana ci gaba da bugawa har sai na bayansa ya iso.

Mu kuwa mun saba cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Muna faɗinta da raha, amma da yawanmu da ita muke rayuwa. Yaya ya samu karatu, ya samu aiki a birni, ya bar ƙannensa bakwai a gida ba wanda ya san ajin da suke. Ogan gareji ya shekara biyar da yaro, bai taɓa barinsa ya kwance inji da hannunsa ba, aikinsa miƙo sifana da sayo abinci. Ɗalibin da ya fi kowa a aji yana ɓoye littafinsa kada a kamo shi. Kowannensu yana ganin ya ci tsere. A bisa dokar su Henrieta, babu ko ɗayansu da aka rubuta wa lokaci. Kada ku ce wannan magana ta manya ce. Wanda yake aji uku na sakandare na gaba ne ga ɗan firamare. Wadda ta iya ɗinki wata shida ta riga wadda ta zo jiya. Da wuya a samu ɗayanku da babu wani a bayansa yana kallon rigarsa.

Jagorar da ta fi daɗewa da Henrieta ita ce Natalia Subrtova, wadda ba ta ma girme ta ba, Henrieta ce babba. A gasar Bankuba ta ƙasar Kanada a 2010, Henrieta tana da shekara 23, suka ci zinare uku: sufa-ji, babban silalom da haɗaka. A gangara zalla suka zo na biyu, 'yar gida Viviane Forest ta sha gabansu. Bayan shekara huɗu, a Sochi ta ƙasar Rasha, suka karɓe zinaren gangarar da ya kuɓuce musu, suka ƙara da na babban silalom, da tagulla a silalom. Amma sufa-ji, wanda suke riƙe da kambunsa, ya tafi hannun Kelly Gallagher da jagorarta Charlotte Evans, kuma wannan ne zinare na farko da Birtaniya ta taɓa samu a tarihin gasar ta hunturu. Daga zinare uku an dawo biyu. A irin wannan gaɓa ce tafiyar mutum biyu takan watse, don abu mafi sauƙi a duniya shi ne na baya ya ce na gaba ne bai faɗa da wuri ba, na gaba ya ce na baya ne bai ji ba. Su ba su rabu ba. Suka koma atisaye, suka sake shekara huɗu tare.

A watan Maris na 2018, a Koriya ta Kudu, aka ga amfanin haƙurin. Su suka ci zinaren farko da aka raba a gasar gaba ɗaya, a gangara zalla, sannan suka bi da sufa-ji, da haɗaka, da babban silalom. Huɗu cikin huɗu. Saura silalom a ranar ƙarshe, kowa ya sa rai za su share fage. Sai wata yarinya 'yar Birtaniya mai shekara 19, Menna Fitzpatrick, tare da jagorarta Jennifer Kehoe, wadda hafsa ce a rundunar sojan ƙasarsu, suka riga su da ƙasa da sakan ɗaya. Ita wannan Menna, a ranar farko ta gasar faɗuwa ta yi a gangara zalla, ba ta ma kai ƙarshe ba. Gaba da gabanta. Na so wannan ɓangaren labarin ƙwarai, domin ya nuna cewa tsere ne na gaske, ba taron tausayi ba. Babu wanda ya ce a bar wa Henrieta na biyar ɗin tunda ta sha wahala. A farkon 2019, a Monako, aka ba ta kyautar Laureus ta gwarzon shekara a ɓangaren 'yan wasa masu nakasa, kuma da Natalia ta hau dandamali. Lissafin tafiyarsu a gasa uku: zinare 9, azurfa 2, tagulla 1.

Daga nan sai abin da ke samun kowace tafiya ya same su. A gasar Beijin ta 2022 babu Natalia a gabanta. Henrieta tana da shekara 35, shekarun da gwiwoyin masu wannan wasa suka riga suka gaji, ga kuma sabuwar murya a kunne bayan ta shafe sama da shekara goma tana jin guda ɗaya. Ta ci gangara zalla tare da Martin Motyka, ta ci haɗaka tare da Michal Cerven. Jagora biyu daban-daban a mako guda, zinare biyu. Wanda duk yake zaton Natalia ce ke ɗauke da ita, ranar ya samu amsa. Ni kuma a ganina babu shaidar da ta fi wannan nuna cewa Natalia ta iya aikinta. Jagoran da ya bar ka ba ka iya taka ko'ina sai da shi, ba jagoranci ya yi maka ba, ɗaure ka ya yi.

Wannan ya shafe ku ta ɗaya fuskar, don yawancinku yanzu ku ne na baya. Kada girman kai ya hana ku bin wanda ya fi ku ganin hanya. Mace mai zinare goma sha ɗaya ba ta ji kunyar a ce mata "dama" ta yi dama ba. Amma ku lura da irin bin da take yi. Ba bin rufe ido da baki ba ne. Tana magana, tana cewa a ƙara gudu, tana cewa a rage, kuma ita ta san nauyin da gwiwarta za ta iya ɗauka. Idan kuka ga mai jan ku ba ya waiwaye, ba ya son tambaya, ba ya gaya muku abin da ke gaba sai dai "ku dai ku biyo ni", to ku binciki inda za shi. Haka idan shi kullum yana cikin inuwa ku kuna rana. Jagoran siki kan dutsen da ɗan wasa ke bi shi ma yake bi, ta ƙofofin nan dai, cikin sanyin nan dai, kuma idan santsi ne shi yake fara taka shi. Da yawa cikin masu tura matasa gaba a lokacin zaɓe ko lokacin rikici, 'ya'yansu ba sa wurin.

Ba sai an je nesa ake samun irin wannan abokin tafiya ba. A gasar 2022 ɗin nan, Neil Simpson na Birtaniya ya ci zinare a sufa-ji, yayansa Andrew ne a gabansa. Veronika Aigner ta Ostiriya ta ci zinare biyu, yayarta Elisabeth ce jagorarta. A 2018, Eleonor Sana ta Beljiyam ta samu tagulla tare da 'yar'uwarta Chloe. 'Yan ɗaki ɗaya ne suka zauna suka mai da zumunci sana'a.

Bari in yi wani ɗan ratse, don na san yadda ake amfani da irin wannan labari. Wani zai karanta ya je ya sami mai nakasa a unguwarsu ya ce masa, "Dubi wance a Turai, kai mene ne uzurinka?" Wannan rashin adalci ne. Henrieta tana da himma, babu musu, amma ta tashi a ƙasar da ke da makaranta, da masu horarwa, da likitoci, da hukumar da ke sayen kayan wasa da biyan kuɗin jirgi. Gasar kanta tun 1976 aka fara ta a Suwidin, mutane suka yi shekaru suna gyara dokokinta har ta kai inda take. Himma ba ta tsiro a kan dutse. Kafin ka tambayi mutum me ya hana shi gudu, tambayi kanka wace hanya aka share masa.

Mu ma ai muna da ɗan jagora, kuma mun daɗe da shi. Kowa ya san hoton: dattijo makaho riƙe da ƙarshen sanda, yaro ko yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas riƙe da ɗaya ƙarshen, suna ratsa motoci a danja. Ku kalli yaron nan da kyau wata rana. Ya san lokacin da za a tsallaka titi. Ya san ya ɗan ɗaga sandar idan an zo kwata, ya rage sauri idan an zo tudu, ya ja gefe idan mai babur ya taho a guje. Ƙwarewa ce ta gaske, babu wanda ya koya masa a aji. Amanar da ke tsakaninsa da dattijon ba ta gaza ta Natalia da Henrieta ba. Bambancin yana wani wuri. Natalia babba ce, ita ta zaɓi aikin, an horar da ita, kuma da aka zo rabon lamba an ba ta tata. Shi yaron ba a tambaye shi ba, kuma lokacin da sa'o'insa ke aji shi yana kan kwalta. Idan tafiyar ta yi shekara goma, dattijon yana nan inda yake, yaron kuma ya girma ba karatu ba sana'a. An yi asarar mutum biyu a tafiya ɗaya. Ba dattijon nake zargi ba, sau da yawa shi ma ba a bar masa wata ƙofa ba. Mu masu miƙa sadaka ta tagar mota mu wuce, mu ne ba mu taɓa tambayar sunan makarantar yaron ba.

Kuma ba wai babu wata hanya ba ce. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tun 1953 take koyar da rubutun makafi da sana'a. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki ta masu buƙata ta musamman. Makafi nawa ne a ƙasar Hausa suka haddace Alƙur'ani suka zama malaman da masu ido ke durƙusawa a gabansu? Tun a farkon Musulunci, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah Ya yarda da shi, makaho ne, amma ladan ne tare da Bilal, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha wakilta shi a Madina ya ja mutane salla idan ya yi tafiya. A can shi ne na gaba. Rashin ido bai taɓa nufin mutum kaya ne da za a ja ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Idan akwai yaro ɗan jagora a layinku, ku haɗu ku uku ko huɗu, ku je da ladabi ku sami iyayensa da mai unguwa, ku ga yadda za a raba rakiyar dattijon tsakanin manya domin yaron ya samu safiyarsa ya je makaranta. Idan akwai mai raunin gani a ajinku, ku karanta masa abin da malam ya rubuta a allo, ku ɗaukar masa darasi a waya ya saurara, amma kada ku yi masa aikin gida, nasa ne.

Idan kuma kun haɗu da makaho a bakin titi, kada ku cafki hannunsa ko sandarsa ku ja. Ku yi sallama, ku ce, "Baba, in raka ka?" Idan ya ce a'a, ku ƙyale shi, ya san hanyarsa. Idan ya amince, ku ba shi hannunku ya riƙe saman gwiwar hannun, ku kasance gaba da shi da rabin taku, ku daidaita tafiyarku da tasa. Ku riƙa faɗa masa abin da ke tafe kafin a kai: ga kwata, ga matakala uku za mu hau, ga babur an ajiye a hanya. Idan za a zauna, ku ɗora hannunsa a kan kujerar ya zauna da kansa. In kun iso, ku gaya masa inda yake da abin da yake fuskanta, sannan ku ce masa za ku tafi. Kada ku sulale ku bar shi yana magana da iska.